Auna karkatar saƙo a makarɓan kemokain: wane gwaji ya dace da ɗakin bincikenka a Jos?

Ɗalibin digiri na biyu ko na uku a fannin magunguna, ko baiyokemistiri, ko ilimin garkuwar jiki, idan ya ɗauki batun makarɓan kemokain, dole wata rana ya zauna da malamin da ke duba aikinsa su amsa tambaya ɗaya: da me za mu auna? Kuɗin bincike kaɗan ne, kayan aiki da dala ake sayensu, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kowane kwalin sinadari sai an yi dogon tunani kafin a yi odarsa. Wanda ya zaɓi gwajin da ya fi ƙarfin ɗakin bincikensa zai iya cinye shekara bai samu sakamako ɗaya da zai sa a kundinsa ba.

Matsayata a fili take. Gwaji ɗaya ba ya nuna karkata, wato fifita reshen saƙo ɗaya a kan wani a cikin sel, komai tsadarsa. Abin da za ka zaɓa gwaji biyu ne da za su iya tafiya tare, a sel iri ɗaya, a lokaci ɗaya, da wutar da kake da ita.

Abin da ake son aunawa

Kemokain ƙananan furotin ne da jiki ke fitarwa don kiran fararen ƙwayoyin jini zuwa inda ake buƙatarsu: bakin rauni, kaluluwa, ɓargo. A jikin ɗan Adam sun kai kusan 50, makarɓansu kuwa kusan 20, don haka makarɓi ɗaya yakan amsa wa kemokain biyu ko uku ko fiye. An daɗe ana ɗaukar hakan maimaici ne kawai, sai daga baya aka gane ba saƙo ɗaya suke kawowa ba.

Makarɓin furotin ne da ya ratsa fatar sel sau 7. Da zarar kemokain ya zauna a kansa daga waje, siffarsa ta ciki ta sauya, ya tayar da furotin G, galibi nau'in Gi. Ɓangaren alfa na Gi yana rage samar da cAMP, wani ɗan saƙo na cikin sel, ɓangaren beta-gama kuma yana tayar da enzayim na PLC da PI3K, sel ya miƙa gabansa ya fara tafiya. Cikin daƙiƙu zuwa mintuna sai enzayim na GRK su manna fosfat a wutsiyar makarɓin da ke cikin sel. Beta-arestin ya zo ya kama wurin, ya tare wa furotin G hanya, ya ja makarɓin zuwa ciki. Rassa biyu ke nan: na G da na arestin. Karkata ita ce wani ligan, wato sinadarin da ke zama a kan makarɓi, ya fifita reshe ɗaya a kan ɗaya, idan aka gwada shi da wani ligan a makarɓi guda. Kamar mai gadi ne da baƙi biyu suka yi masa sallama a ƙofa ɗaya: na farko ya kira masa maigida ya bar ƙofa a buɗe, na biyu ya kira maigida sannan ya ja ƙofar ya rufe.

Misalin da kowa ke farawa da shi makarɓin CCR7 ne. Kemokain biyu, CCL19 da CCL21, duk suna tayar da G da kyau, amma CCL19 ne ke jawo arestin sosai ya kuma sa makarɓin ya shige ciki. CCL21 kaɗan yake yi. Ɗakin binciken Robert Lefkowitz a Jami'ar Duke ta Amurka ya nuna haka a 2004, sannan a 2009 suka nuna CCL19 yana kiran GRK3 da GRK6, CCL21 kuwa GRK6 kaɗai. Wannan karkatar ligan ce. Akwai ta makarɓi: CXCL12 a kan CXCR4 yana tayar da G da arestin duka, a kan ACKR3 kuwa arestin yake jawowa ba G. Akwai kuma ta muhalli, inda ligan ɗaya da makarɓi ɗaya ke ba da amsa daban a sel daban saboda yawan GRK ko G da ke cikinsu ya bambanta. Ta huɗu ita ce mai ɓata kundi: wadda gwajin kansa ya ƙirƙira, ba ta nan a cikin sel.

Muhimmancin wutsiyar nan ya fito a cutar gado ta WHIM, inda wutsiyar CXCR4 ke zuwa a guntule, makarɓin ya kasa yin shiru, fararen ƙwayoyin jini su maƙale a ɓargo. A 2024 aka amince da maganin mavorixafor dominta a Amurka. Mu kuma abin ya fi shafarmu ta wajen ƙanjamau, tun da a 1996 aka gano CCR5 da CXCR4 su ne ƙofofin da HIV ke bi bayan ya kama CD4, wani furotin da ke fatar fararen ƙwayoyin jini na T.

Ma'aunan zaɓi

Biyar nake dubawa. Na farko, wane reshe gwajin ke aunawa, kuma yaya nisansa da makarɓin, domin duk abin da ya yi nisa saƙo ya riga ya ninku kafin ya iso gare shi. Na biyu kuɗi, kuma a nan sai an raba kuɗin na'ura da na kayan da ke ƙarewa. Na uku juriya: me zai faru idan aka ɗauke wuta, ko kwali ya kwana uku a wajen fitar da kaya? Na huɗu sauƙin koyo. Na biyar haɗarin fassara sakamako ba daidai ba.

Akwai kuɗin da ke kan kowa. Kemokain ɗin kansa da ƴan maikirogiram ake sayarwa, kwalba ƙarama takan kai dala ɗari ko fiye. Sa'ar ita ce a busasshen gari yake zuwa, yana jure tafiya. Bayan an narkar da shi ne yake zama ɗan lele: a sa masa furotin BSA kashi 0.1 cikin ɗari don kada ya manne a jikin roba, a raba shi ƙanana-ƙanana, kada a daskarar a narkar a sake daskararwa. Ka sayi duk abin da za ka buƙata daga kamfani ɗaya, zubi ɗaya, domin kan furotin ɗin nan ba ya son wasa. Ƙarin methionine ɗaya a kan CCL5 yana rage masa ƙarfi ƙwarai har ya koma mai tare wa na asali hanya, enzayim na CD26 kuma idan ya gutsire amino asid biyu daga kan CXCL12 ya gama kashe shi.

Sai renon sel. Inkubeta tana son digiri 37 da iskar CO2 kashi 5 cikin ɗari dare da rana. Wanda ya taɓa shiga ɗakin reno da safe ya tarar da ruwan da ke cikin filas ya tashi daga ja mai ruwan lemo ya koma shunayya-shunayya ya san tukunyar gas ta ƙare cikin dare. Idan kuwa ya yi rawaya ya gurɓace, to baktiriya sun shiga, kuma a lokacin hunturu ƙurar da ke bin kowace kafa tana taimaka musu. Idan inkubetarku ba ta kan inbata ko sola, rabin zaɓuɓɓukan da ke ƙasa ba naka ba ne tukuna.

Kalsiyam

Ana loda wa sel rini irin Fluo-4, mai haskawa idan kalsiyam ya tashi a cikin sel, a zuba kemokain, a ga haske ya yi tsalle cikin daƙiƙu kaɗan ya sauka kafin minti biyu. Rinin ba shi da tsada sosai, a busashe yake zuwa, yana zama a firiza ta gida muddin haske da danshi ba su taɓa shi ba. Matsalar na'ura ce. Tun da amsar tana wucewa da sauri, kana buƙatar mai karanta faranti da ke zuba ligan da kanta, ko kuma fulo-saitomita, na'urar da ke karanta hasken sel ɗaya bayan ɗaya, inda za ka ɗauki ma'aunin farko na daƙiƙa 30, ka cire bututu, ka zuba kemokain, ka mayar da hanzari. Hannu yana sabawa cikin mako ɗaya ko biyu.

Haɗarinsa babba ne, kuma tarihin CCR5 ya nuna shi. Ƙungiyar Oliver Hartley a Janeba ta fitar da wasu gyararrun CCL5 a 2008 don toshe wa HIV ƙofa: 5P12, 5P14 da 6P4. Burin shi ne a samu wanda zai hana ƙwayar cutar shiga ba tare da ya tayar da kumburi ba. 5P14 ya ja CCR5 zuwa ciki amma kalsiyam bai motsa ba, sai aka ɗauka bai taɓa G ba. A 2018 masu bincike a Jami'ar Rockefeller suka auna rassan ɗaya bayan ɗaya a sel iri ɗaya, suka tarar kalsiyam ɗin daga wani nau'in G, wato Gq, yake fitowa, 5P14 kuwa yana tayar da Gi. Shirun kalsiyam ba shirun G ba ne. Idan za ka bi wannan hanya, ka sa gubar pertussis a kasafinka: a bar sel da ita kwana ɗaya ta kashe Gi, ka ga abin da ya rage.

cAMP

Wannan ya fi kusa da ainihin aikin Gi. Wahalarsa ita ce raguwa kake aunawa, don haka sai ka fara ɗaga cAMP da sinadarin forskolin, sannan ka ga nawa kemokain ya sauke. Idan forskolin ya yi yawa ya danne komai, idan ya yi kaɗan babu abin da za a sauke. Gano adadin da ya dace shi ne aikin makonnin farko.

Yana zuwa a siffa uku. ELISA ita ce ta talaka mai dabara: ka yi gwajin, ka fasa sel, ka daskarar da ruwan, ka karanta ranar da wuta ta samu, da na'urar ELISA irin wadda ɗakunan gwajin ciwon hanta da ƙanjamau ke da ita. Sai dai faranti ɗaya mai rijiya 96 yake ba ka, kuma lanƙwasa biyu ko uku, wato jerin amsoshi daga ƙaramin adadin ligan zuwa babba, sun cinye shi. GloSensor na kamfanin Promega filasmid ne, wato ɗan zoben DNA, da ake sa wa sel, ya riƙa ba da haske daidai da yawan cAMP yayin da sel yake raye, ka ga amsar minti bayan minti a luminomita, na'urar auna haske. HTRF yana da kyau ƙwarai amma yana son na'ura ta musamman. In ba ku da ita, wuce.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: takardun Turai da Amurka sukan ce an yi gwaji "a zafin ɗaki", suna nufin ɗaki mai digiri 20 zuwa 25 kullum. Safiyar Disamba a Jos da azahar ɗin Maris a Abuja ba ɗaki ɗaya ba ne, enzayim mai ba da hasken nan kuwa yana jin bambancin. Ka ajiye ma'aunin zafi kusa da na'ura, ka rubuta abin da ya nuna a kowane gwaji.

Kiran arestin kai tsaye

Nan ne zuciyar batun, kuma nan kuɗi ya fi tafiya. Hanyoyi huɗu ne suka shahara, ba kuma darajarsu ɗaya ba.

PathHunter shi ne mafi sauƙi. Sel ɗin suna zuwa a shirye, a daskare, ka narkar, ka shuka, ka zuba ligan, bayan kamar minti 90 ka karanta haske. Kwalin amfani sau ɗaya ɗaruruwan daloli ne zuwa sama, layin sel na dindindin kuwa dubbai. A busasshiyar ƙanƙara yake tafiya, daga jirgi zuwa Legas ko Abuja sannan mota zuwa Jos, kuma in ƙanƙarar ta ƙare a hanya gawa ka saya. Ban da haka, guntayen enzayim ɗin idan sun haɗu ba sa saurin rabuwa, don haka jimlar haɗuwa yake tarawa, ba ya nuna ko arestin ya zo ya tafi.

Tango shi ne mai araha. Ɗakin binciken Bryan Roth ya fitar da tarin PRESTO-Tango a 2015, yana kuma ma'ajiyar filasmid ta Addgene, inda filasmid ɗaya ga jami'a bai cika wuce dala ɗari ba, a cikin baktiriya ake aiko shi ba tare da ƙanƙara ba. Da ka samu sau ɗaya za ka riƙa ninka shi da kanka har ka gama digiri. Sai jami'arka ta sa hannu a takardar yarjejeniyar karɓar kaya, wannan kuwa ka fara bin ta da wuri. Araha ba ta ado: yana buƙatar sel na musamman, HTLA, ana jiran kwana ɗaya kafin a karanta, kuma an ɗinka wa makarɓin wutsiyar makarɓin vasopressin V2 don ƙara jawo arestin. Tun da wutsiya ita ce inda GRK ke rubuta bambanci tsakanin CCL19 da CCL21, ɗinka wata a kanta ba ƙaramin shisshigi ba ne. Don tace sinadarai masu yawa ya yi. Don lissafa karkata, ban yarda da shi shi kaɗai ba.

BRET da NanoBiT su ne na masu son gaskiyar lamari. Ana liƙa wa makarɓi alama ɗaya, arestin ɗaya, idan suka kusanci juna haske ya fito ko launinsa ya sauya, a sel mai rai, daƙiƙa bayan daƙiƙa, kuma idan sun rabu ka gani. BRET yana son na'ura mai tace launi biyu. NanoBiT luminomita mai sauƙi ta ishe shi. Sai ka iya sa wa layin sel na HEK293 filasmid yadda adadin makarɓi ba zai riƙa hawa da sauka daga mako zuwa mako ba, wannan kuwa watanni yake ci kafin hannu ya faɗa. Ka tuna HEK293 yana da ɗan CXCR4 nasa na asali, saboda haka rijiyar da ba a sa wa makarɓi ba dole ce a kowane faranti. Sinadarin hasken yana son firiza da duhu.

Babban tarkon da ke tsakanin wannan da gwaje-gwajen G shi ne ninkuwa. Makarɓi ɗaya yana tayar da furotin G da yawa, kowanne ya haifar da saƙo da yawa, amma arestin ɗaya makarɓi ɗaya yake kamawa. Ligan mai rauni zai iya cika ma'aunin cAMP ya kasa ɗaga na arestin, ka ce ya karkata zuwa G alhali rauni ne kawai. Wannan gardamar ce ta biyo bayan oliceridine, maganin ciwo da aka amince da shi a Amurka a 2020 a matsayin mai karkata zuwa G, wasu masana suka ce ƙarancin ƙarfinsa ne ya ba shi wannan kama.

Shigewar makarɓi cikin sel

A ganina wannan ne gwajin da ya fi dacewa da yanayinmu, kuma an fi raina shi. Jos ta daɗe da aikin ƙanjamau, daga asibitin koyarwa na JUTH zuwa cibiyar binciken ƙwayoyin cuta ta PLASVIREC, Abuja na da irinta, IHVN, ga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta NVRI a Vom. Inda duk aka daɗe ana ƙidayar CD4 akwai mutanen da suka san fulo-saitomita. Ka je ka tambaya wace iri ce suke da ita, domin wasu na'urorin CD4 a kulle suke, aikin ƙidaya kaɗai suka sani. Mai buɗaɗɗen tsari kake nema.

Aikin kansa ba wuya. Ka zuba kemokain a kan sel a digiri 37 na minti 30, ka tsoma bututun cikin ƙanƙara don komai ya tsaya cak, ka wanke, ka sa antibodi mai haske da ke kama makarɓin daga waje, ka kafe sel ɗin da paraformaldehyde. Daga nan suna iya jira a firji zuwa gobe, ka ɗauke su a kula daga Naraguta zuwa Lamingo ko Vom. Ba filasmid, ba alama a wutsiya, makarɓin asali ne a sel na asali. Layin sel na Jurkat na da CXCR4 mai yawa, na THP-1 na da CCR2, sel T na jinin mutum da ba a tayar ba suna da CCR7 da CXCR4. CXCR3 da CCR5 kuwa sai an tayar da sel ɗin na ƴan kwanaki kafin su yawaita.

Kuskuren da ke yawan faruwa: antibodi da kemokain suna rububin wuri ɗaya. Antibodi 12G5 na CXCR4 da 2D7 na CCR5 duk haka suke. Idan kemokain na zaune a kan makarɓi antibodi ba zai kama ba, haske ya ragu, ka ce ya shige ciki alhali yana nan a rufe. Maganinsa wanki na ɗan lokaci da ruwa mai tsami, pH kusan 3, da kuma bututu ɗaya da aka zuba wa kemokain a kan ƙanƙara tun farko, inda shigewa ba ta yiwuwa. Kuma shigewa ba daidai take da arestin ba. An nuna wasu makarɓan, har da ACKR3, suna iya shiga ko da babu shi. A kundinka ka kira shi da sunansa, shigewa.

Idan jinin mutane za ka ɗiba, sai da izinin kwamitin ɗa'a na bincike. A nan akwai abin da muke da shi wanda ɗakunan Turai ba su da shi. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma jajayen ƙwayoyin jininsu ba su ɗauke da makarɓin Duffy, wato ACKR1, rashin da ke taimakawa wajen kare su daga zazzaɓin cizon sauro nau'in vivax. ACKR1 yana tsotse kemokain irin su CCL2, CCL5 da CXCL8 daga jini. Ke nan gwajin da aka yi da cikakken jinin ɗan Filato ba lallai ya yi daidai da na ɗan Jamus ba, kuma CCR5-delta32, sauyin gado mai hana CCR5 fitowa a fatar sel da ake samu a arewacin Turai, kusan babu shi a nan. Wannan shi kansa tambayar bincike ce.

Tafiyar sel

Tun 1962 Stephen Boyden ya ƙirƙiro wannan gwaji, yau Transwell ake ce masa. Sel a sama, kemokain a ƙasa, tsakaninsu matata mai ƙofofi maikiromita 5 ga sel T, bayan awa biyu zuwa huɗu ka ƙirga waɗanda suka sauka, ko da madubin hangen ƙwayoyi da gilashin ƙidaya ne. Ba na'ura mai tsada, roban dai ba a sake amfani da shi. Lokacin da kake sauke ɗan kofin cikin rijiya, ka karkata shi kaɗan ka leƙa ta ƙasa: kumfar iska ɗaya a ƙarƙashin matatar ta isa ta sa rijiyar ta ba ka sifiri.

Amsarsa tana hawa ne ta sauko idan kemokain ya yi yawa, don haka lissafin karkata bai zauna a kansa ba. Shi sakamakon ƙarshe yake nunawa, bayan duk rassa sun haɗu. Kuma CCL21 a jiki doguwar wutsiyarsa tana manne shi a jikin nama sel su bi shi a kafe, abin da ruwa a rijiya ba ya kwaikwaya. Gwaji na uku ne mai ƙara wa aiki nauyi, ba ɗaya daga cikin biyun farko ba.

ERK da kwamfuta

Auna tashin enzayim na ERK da gwajin gano furotin na westan-bulot an daɗe ana yi, da tunanin cewa tashin farko na G ne, na baya na arestin. Binciken da aka yi a 2017 da 2018 da sel ɗin da aka cire wa G ko arestin ta hanyar CRISPR ya girgiza wannan rabon. Ga cin lokaci, ga antibodi mai tsada. Ba zan gina digiri a kansa ba.

Kwamfuta kuwa kowa na rububinta, da dalili. Manhajojin AutoDock Vina da GROMACS kyauta ne, siffar CXCR4 ta 2010 da ta CCR5 tare da maganin maraviroc ta 2013 suna ma'ajiyar siffofin furotin ta PDB da lambobin 3ODU da 4MBS, ɗauke wuta ba ya kashe komai sai haƙuri. Amma abin da take faɗa maka shi ne inda sinadari zai iya zama. Ba ta faɗa ko zai tayar da makarɓin, balle reshen da zai fifita. Kundin da ya tsaya a nan ya ce ya gano "ligan mai karkata" ya faɗi abin da bai auna ba.

| Gwaji | Abin da yake aunawa | Kuɗi | Juriya | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Kalsiyam | G, nesa da makarɓi | Rini matsakaici, na'ura mai tsada | Matsakaiciya | Matsakaici | Rikita Gq da Gi |
| cAMP ta ELISA | Gi | Matsakaici, rijiyoyi kaɗan | Mai kyau | Matsakaici | Adadin forskolin |
| GloSensor | Gi, a raye | Matsakaici | Sai reno mai ɗorewa | Da ɗan wuya | Zafin ɗaki, ninkuwa |
| PathHunter | Arestin | Mai tsada | Rauni a jigila | Mai sauƙi | Tara saƙo |
| Tango | Arestin | Araha | Mai kyau bayan an kafa | Matsakaici | Baƙuwar wutsiya |
| BRET ko NanoBiT | Arestin, a raye | Matsakaici zuwa tsada | Sai reno mai ɗorewa | Mai wuya | Yawan makarɓi |
| Shigewa | Makarɓi a fatar sel | Antibodi da kuɗin na'ura | Mai kyau ƙwarai | Mai sauƙi | Rufe wurin antibodi |
| Transwell | Tafiyar sel | Araha zuwa matsakaici | Mai kyau | Mai sauƙi | Ba ya raba rassa |
| Kwamfuta | Wurin zama | Kusan kyauta | Mai kyau ƙwarai | Matsakaici | Faɗin abin da ba a auna ba |

Lissafin da ke haɗa biyun

Kowane biyu ka zaɓa, sai ka sami ligan na ma'auni da za a gwada sauran da shi, kamar CCL19 a CCR7. Ka yi cikakkiyar lanƙwasa mai adadi 8 ko fiye ga kowane ligan a kowane gwaji, ka maimaita a ranaku daban aƙalla sau 3. Sannan ka fitar da log na Emax (amsa mafi girma) bisa EC50 (adadin ligan da ke ba da rabinta), ko ka bi tsarin Black da Leff na 1983, ka cire na ma'auni a cikin kowane reshe, sannan ka cire reshe daga reshe. Wannan cirewar ce ke share ninkuwa da halin na'ura. Ƙa'idojin 2022 na IUPHAR, ƙungiyar masana ilimin magunguna ta duniya, sun zayyana abin da ya kamata a bayyana, ka karanta su kafin ka yi oda. Ka daidaita lokaci kuma: wani aiki na Jami'ar Monash a 2016 kan makarɓin dopamine D2 ya nuna karkata na iya sauyawa, har ta juya, gwargwadon mintin da aka karanta. Kalsiyam na daƙiƙa 20 da Tango na kwana ɗaya ba abokan gwadawa ba ne. GraphPad Prism na kuɗi ne, manhajar R da kunshin drc kyauta.

Wanne ga wa

Ɗalibin digiri na biyu mai shekara ɗaya, wanda ya samu shiga ɗakin da ke da buɗaɗɗiyar fulo-saitomita: kalsiyam da shigewa a na'ura ɗaya, da CCL19 da CCL21 a sel T na jini. Ba reno mai tsawo, ba filasmid, kuma an san amsar da ya kamata ta fito, don haka za ka gane ko hannunka ya yi daidai kafin ka ƙara sabon abu.

Ɗalibin digiri na uku mai tallafin TETFund ko makamancinsa, da inkubeta a kan sola: GloSensor da NanoBiT a HEK293, a luminomita ɗaya, a zafi ɗaya, a minti ɗaya. Wannan ne zaɓina ga duk wanda ke son lambar karkata da za ta tsaya a gaban masu tantance mujalla. Ka ware watannin farko don saita shi kawai.

Mai tace tsirran gargajiya, irin aikin da ake yi a cibiyar binciken magungunan tsirrai ta ACEPRD a Jami'ar Jos ko cibiyar binciken magunguna ta NIPRD a Idu, Abuja: fara da Transwell a Jurkat da CXCL12, da plerixafor, maganin da ke toshe CXCR4, a matsayin ma'auni, tare da gwajin ko sel ɗin na raye, tun da mataccen sel ma ba ya tafiya. Ka yi hattara da gwajin haske, domin ruwan ganye mai launi ko mai tanin yana iya kashe enzayim ɗin hasken ko ya haskaka da kansa. Batun karkata sai bayan ka ware sinadari guda tsantsa.

Likita ko masanin gwaji da samfurin marasa lafiya ke hannunsa: shigewa da Transwell, ka rubuta matsayin Duffy na kowane mai ba da jini.

Wanda ba shi da inkubeta ko fulo-saitomita: kwamfuta, da take mai cewa hasashe ne, da jerin sinadarai biyar ko goma da wani zai iya gwadawa. Idan kuma ka samu gurbin watanni uku a wani ɗakin bincike a waje, kada ka kashe su a kan abin da za ka iya yi a gida. Ka tafi da liganka ka yi BRET na arestin tare da TRUPATH, tarin filasmid na 2020 da ke auna nau'o'in furotin G ɗaya bayan ɗaya, sannan ka nemi izinin dawowa da filasmid ɗin a ɗige a kan takardar tacewa.